Maɓallai Ashirin a Bangon Shagon Kawu

Ka taɓa zama kusa da mutanen da suka tabbatar wa kansu babu mai hankali a gari sai su, ka ɗauki alli kana jan layi ɗaya duk sanda suka ce "hujja"? Ni na taɓa. Wata Asabar, daga ƙarfe huɗu na yamma zuwa shida da kwata, layi ɗari da goma sha bakwai na ja a bayan ƙofa. Su uku ne kacal, kuma ɗayansu da ƙyar ya buɗe baki. A cikin wannan awa biyu da kwata kawuna ya miƙa hannun hagu zai ɗauki kofin shayi sau shida, sau huɗu iska ya damƙo. Babu wanda ya lura sai ni, telar da ke ɗinka rigunan makaranta, wadda ba a lissafa ta cikin masu hankalin.

Bari in faɗi wane ne shi tukuna, don kada a ɗauka labarin sakarai nake bayarwa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana gyaran keken ɗinki. Bango ɗaya ya raba shagonsa da nawa, da ƙofar katako a tsakani wadda ba mu taɓa rufewa ba. Ina da kekuna tara da ma'aikata bakwai, muna fitar da riga sittin a rana idan ba a ɗauke wuta ba, kuma duk kekunan nan albarkacin hannun Kawu suke numfashi. Daga kujerarsa yakan ji ƙarar keke ta cikin bango, ya ɗaga murya ya ce na huɗu daga taga ya kusa cin zare. Kafin minti goma sai ya ci. Yana da gwangwanin madara talatin da shida jere a kan katako, kowanne da irin notin da ke ciki, kuma yakan sa hannu cikin wanda yake so ba tare da ya juya kai ba. Ban taɓa ganin ya rufe keke noti ɗaya ya yi saura a tebur ba. Mutumin nan ya san aikinsa, ko maƙiyinsa zai faɗa, abokansa ma Injiniya suke ce masa.

Yadda ya bar addini babu wani abin kallo a ciki. Shi da mahaifiyata suna da ƙanwa, autarsu, wadda ƙyanda ta ɗauke cikin kwana tara tana da shekara huɗu, duk da addu'ar da aka yi ta tofa mata. Shekara ashirin bayan haka ya kai 'ya'yansa uku aka yi musu allurar rigakafi, babu wanda ya ko kwanta. Ya haɗa wannan da wancan, ya yanke hukuncinsa, ya daina ibada. Bai yi shela ba, bai zagi kowa ba. Matarsa, wadda muke ce wa Anti, ba ta taɓa fashin ibadarta ba, kuma idan ta tashi yi shi ne mai rage sautin rediyo. Shekara talatin da uku suna haka. Ni ban shiga tsakaninsa da Mahaliccinsa ba, ina da tawa amsar da zan bayar. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya ɗora a gurbin da ya share.

Kwali ne. Wani ƙaton kwalin firji da ya buɗe ya kafe a bango sama da teburin aiki, ya zana masa layuka da jan biro. Layin yaran da ke tsallake shekara biyar da rai, layin masu iya karatu, layin shekarun da mutum ke yi a duniya. Duk sanda ya karanta wani sabon adadi a mujalla ko a waya sai ya hau kujera ya ƙara wa layi tsawo. Dukansu sama suke yi. A wurin Kawu gobe ta fi yau, jibi ta fi gobe, kuma duk abin da ya gagari ɗan Adam bana zai ba da kai baɗi. Ci gaba yake ce masa, yana faɗin kalmar da irin muryar da Anti ke rufe addu'a da ita.

Ba shi kaɗai ba ne. A da su bakwai ne ke haɗuwa a shagon kowace Asabar bayan an tashi aiki, duk waɗanda suka bar ibada. Mutum bakwai da abu ɗaya tak ya haɗa su, amma cikin shekara shida sai da suka ragu zuwa uku. Biyu sun yi fushi a kan wa zai riƙa buɗe taro, ɗaya ya kwanta jinya ya tashi ya koma ibadarsa, ɗaya ya bar gari. Saura Kawu, da Farfesa, da Mai Hoto.

Farfesa tsohon malamin lissafi ne da bai taɓa koyar da wanda ya wuce aji uku na sakandare ba, sunan ma ɗalibai ne suka laƙaba masa don tsokana, shi kuma ya riƙe da hannu biyu. Shi bai yarda da Allah ba, bai kuma yarda da ci gaba ba. A ganinsa ɗan Adam dabba ce da ta iya ɗinka wando, kayan aikinta ne ke sauyawa, halinta na nan inda yake. Duk Asabar sai ya nuna kwalin Kawu da sandarsa ya ce ga sabon littafi mai tsarki nan, aljanna ce aka sauko da ita daga sama aka ajiye a shekara mai zuwa. Mai Hoto kuwa wayoyin hannu ne suka kashe masa shago, ya zama mai tsaron lokaci. Yana zuwa da tsohon agogon ƙararrawa da yake wanke hoto da shi a da, kuma idan aka zo ƙuri'a, wanda ya yi magana a ƙarshe yake bi.

Dokokinsu uku ne, a rubuce a gefen kwalin. Kowa minti uku, agogo na ƙara ka yi shiru. Ba a cewa "ina ji a jikina". Ta uku kuma, wadda suka fi ji da ita, "wane ya ce" ba hujja ba ce. Da wannan dokar suka fita daga addini, don haka a wurinsu taɓa ta kamar taɓa ginshiƙin ɗaki ne.

Ni ina jin su ta ƙofar tsakani ina kalmasa bakin riguna, ba ruwana, har sai da na fara ƙirga wani abu dabam. Cikin wata guda Kawu ya bugi gefen ƙofar nan da kafaɗar hagu sau goma sha huɗu. Ya ture gwangwanin man keke sau tara, kullum idan yana hagunsa. Madubin babur ɗinsa na hagu ya gogi bango sau uku, mutumin da ya shekara talatin yana shiga lungun nan ko fenti bai taɓa kankarewa ba. Na yi masa magana ya ce ƙofar ce ta kumbura da damina. Na auna ta da tef, faɗinta na nan yadda yake. Kwana goma sha ɗaya ina bin sa da naci kafin ya yarda muka je asibitin ido, shi ma don in ƙyale shi ya yi aiki.

Likitar wata matashiya ce mai magana a hankali. Ta auna matsin ruwan da ke cikin idonsa, ta ce na mai lafiya ba ya wuce ashirin da ɗaya, na Kawu ashirin da tara a dama, talatin da takwas a hagu. Hawan jinin ido, in ji ta. Ta bayyana mana cewa ciwon daga gefe yake fara cin gani, yana matsowa tsakiya sannu a hankali ba tare da zafi ba, kuma abin da ya ci ya ciwu, babu maganin da ke dawo da shi. Aka zaunar da shi gaban wata na'ura yana danna maɓalli duk sanda ya ga ɗigon haske ya gifta. Ta ba shi maganin ɗigawa. Bayan mako shida muka koma, matsin bai sauka yadda ake so ba. Ta ce a yi wa na hagu aiki cikin wata guda, na dama ya biyo baya, ta rubuta rana a takarda ta miƙa masa.

Mutumin kirki da ya karɓi irin wannan takarda gida yake kai ta, ya nuna wa matarsa, a fara shiri. Kawu ninke ta ya yi, ya sa a aljihu, ranar Asabar ya shimfiɗa ta a tebur gaban Farfesa da Mai Hoto ya ce ga batun yau.

Asabar tara suka yi a kai. Tara. Ranar da likita ta rubuta ta zo ta wuce a tsakanin ta huɗu da ta biyar, Kawu na zaune yana kwance keken wata mata.

Matsayinsa shi ne, aikin da ake yi yanzu na wuƙa ne, tsohon yayi. Ya karanta a waya ana gwada wasu sababbin hanyoyi a wasu ƙasashe, kuma bisa yadda layukan kwalinsa ke hawa, nan da shekara biyu za a riƙa yin abin cikin minti goma mutum ya tashi ya hau babur ɗinsa. Mai hankali, in ji shi, ba ya sayen keken hannu ana gobe na lantarki zai shigo kasuwa. Idan aka ce idon ba zai jira ba sai ya ɗauki allura mai lamba tara, mafi ƙanƙantar kafa a shagon, ya zura mata zare karo ɗaya, ya ɗaga sama kowa ya gani. Likita ta riga ta faɗa masa tsakiyar gani ce ke mutuwa a ƙarshe. Yana wurin, da kunnensa ya ji. Sau ashirin da uku na ga ya zura allurar nan cikin mako tara.

Za ka ɗauka Farfesa, da yake bai yarda gobe za ta kawo komai ba, zai ce masa tashi ka je yau. Ina. Shi abin da ya samu nama ne ya faɗo masa. Duk minti ukunsa a kan tsokana yake ƙarewa.

"Ka ga mumini," ya ce wa Mai Hoto wata rana yana nuna Kawu da haɓa. "Wasu na jiran mai ceto daga sama, namu na jiran sa daga kamfanin magani. Injiniya, liman kawai ka sauya, sahu ɗaya kake."

"Ni adadi nake bi, ba wahayi ba," in ji Kawu.

"To bi adadin ka je a yanka ka mana. Ranar da ka kwanta a gadon nan ka yarda ke nan gobenka ba ta zuwa. Ni dai ina so in ga ranar."

Ka ga inda ya ɗaure shi. Idan Kawu ya je asibiti, ya sallama gardamar shekara shida. Shi kuma Farfesa da aka tambaye shi ra'ayinsa a kan aikin kansa, sai ya ce likitoci ma limamai ne masu farar riga, yau su ce kaza, bayan shekara goma su ce sun yi kuskure, shi bai ga dalilin miƙa musu ido ba. Wato wanda ya yarda komai na gyaruwa ya ce a jira, wanda ya yarda babu abin da ke gyaruwa ya ce kada a je. Shekara shida ba su taɓa haɗuwa a kan komai ba sai a kan zama a kujera.

A Asabar ta uku na kasa haƙuri na leƙo na ce likita fa ta ce wata guda. Farfesa ko kallona bai yi ba, ya ɗaga sanda ya nuna doka ta uku. Mai Hoto ya yi mini murmushin ban haƙuri. Kawu ya ce, "Ƙirgau, koma kan rigunanki, nan ba a kawo wane ya ce." Ƙirgau yake ce mini tun ina ƙarama, wai na taɓa ƙirga masa furfura.

Asabar ta biyar na kawo musu abin da ba wane ne ya ce ba, na kawo ƙirgata: bugun ƙofa, turin gwangwani, gogar madubi, kowanne da ranarsa. Farfesa ya karanta yana gyaɗa kai kamar mai duba jarrabawa, ya tambaye ni sau nawa mai lafiyar ido ke bugun wannan ƙofar, tunda ba a san na lafiyayye ba ta yaya za a san na Kawu ya yi yawa. Na ce to. Na zauna na ƙirga shigarsa da fitarsa shi kansa, da na ma'aikatana bakwai, mako biyu cur. Wucewa ɗari huɗu da sittin, bugu ko ɗaya babu. Na kai masa. Ya ce ma'aikatana matasa ne, shi kuma siriri ne, Kawu mai faɗin kafaɗa, ba a kwatanta su. Aka ba shi minti uku a kan faɗin kafaɗa. Aka kaɗa ƙuri'a, Mai Hoto ya bi shi.

A gida ma ba a bar ni na huta ba. Mahaifiyata ta zo wurin ƙanenta sau biyu a wannan tsakanin, duka biyun wa'azi ta kawo. Ta ce wanda ya rufe idon zuciyarsa dole na fuska ya bi baya, ya tuba kawai ya ga ikon Allah. Na ce Umma, ki tuba da shi a mota mana, asibitin minti ashirin ne. Ta ce ba a yi mini tarbiyyar katse manya ba. Anti ce kaɗai ta yi abin da ya yi kama da aiki. Ta kwashe duk kujeru da bokitai daga hagun hanyar da yake bi zuwa ɗaki, ta koma zama a damansa. Ita ta nuna mini kwalbar maganin ɗigawa. Ta kwana talatin ce, ranar tana kwana hamsin da biyu kuma da saura a ciki. Wai yana sa masa yaji.

Ranar Juma'ar da ta zo kafin Asabar ta goma, wata mata ta shigo da kekenta ta tsaya a hagun Kawu tana gaishe shi. Ya amsa yana waige-waige yana neman mai maganar, tana tsaye kusa da shi har zanenta na taɓa teburinsa. Ta dube ni, na dube ta. Na koma shagona na yanko baƙin yadi mai tsawon yadi biyu, na zauna na ɗinka masa fararen maɓallai ashirin a warwatse, sama da ƙasa, dama da hagu, da ja guda ɗaya babba a tsakiya. Abin da na ga na'urar asibiti na yi shi na kwaikwaya, iyakar abin da tela za ta iya.

Washegari suna zama na shigo na rufe kwalin Kawu da yadin, na kafe shi da ƙusa huɗu. Na ce ina neman minti uku. Farfesa ya ce ni ba 'yar ƙungiya ba ce. Na ce dokokinku uku ne, na haddace su, faɗa mini wadda ta hana. Mai Hoto, Allah ya saka masa, ya murɗa agogo.

Na ajiye kujera yadi ɗaya daga bango, na auna da tef. Na ce ba zan ce likita ta ce ba, ba zan ce ina ji a jikina ba. Mutum zai zauna, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya kafa ɗayan a kan jan maɓalli kada ya motsa. Zan riƙa taɓa fararen da bakin fensir ina kaɗawa, wanda ya gani ya ce na gani. Mai Hoto zai tsaya a gefe ya tabbatar ƙwayar ido ba ta zame ba. Kuma tunda Farfesa na son a fara sanin na lafiyayye, shi zai fara zama.

Ya zauna yana gunaguni. Dama ashirin, hagu goma sha tara. Mai Hoto ya zauna, goma sha tara da ashirin. Agogo ya yi ƙara, babu wanda ya kula shi.

Kawu ya zauna yana dariya, ya ce wasan yara. Da idon dama ya ga goma sha huɗu. Dariyar ta ragu. Ya rufe na dama, na fara taɓawa. Na taɓa na sama, shiru. Na taɓa na gefe, shiru. Ina kaɗa fensir har hannuna ya gaji, shi yana zaune yana jiran in fara.

"Ki fara mana," ya ce.

"Kawu, na takwas nake."

Biyu ya gani cikin ashirin, waɗanda ke maƙale da jan maɓallin.

Farfesa ya gyara murya ya fara bayanin cewa hasken shagon bai daidaita ba, taga na gefe ɗaya, kuma fensir rawaya ne. Kawu bai jira an murɗa masa agogo ba, ya ce a buɗe ƙofar waje a kunna fitila a sake. Aka sake, biyu. Ya ce Farfesa ya karɓi fensir ɗin da kansa, kada a ce ni ce ke wasa da hannu. Farfesa ya karɓa. Biyu. Mai Hoto, wanda na ƙirga masa kalma talatin da ɗaya a duk watan da ya gabata, ya ce a hankali, "Injiniya, wannan hoton ya ƙone."

Kawu ya daɗe yana kallon yadin da ido biyu. Sannan ya juyo gaba ɗaya, da kafaɗa da wuya, don ya same ni, ya tambaye ni ƙarfe nawa asibitin ke buɗewa ranar Litinin.

Bakwai da rabi muna bakin ƙofa, mu ne na shida a layi. Muna zaune a benci ya yi ta murza hularsa, can ya ce yana so ya faɗa mini wani abu amma kada ya kai kunnen Farfesa. Ya ce ya buɗe kekuna sun fi dubu goma, kuma ya ga waɗanda wasu masu gyara suka buɗe suka rufe, ya san irin ɓarnar da hannu ke yi a cikin abu idan mai shi ba ya kallo. Tun ranar da aka ba shi takardar, duk sanda ya rufe ido sai ya ga kansa a kan tebur an kwance shi.

"Tsoro ne, Ƙirgau. Kuma ba shi da gurbi a dokokinmu."

Na ce da ka faɗa tun farko ai da mun rage Asabar tara. Ban faɗa wa Farfesa ba, kuma ba na fargabar ya gani a nan, ba ya karanta abin da tela ta rubuta.

Likita ta auna, ta sake aunawa, ta dubi tsohuwar takardar da ranar da ke jikinta, ba ta yi faɗa ba. Na so a ce ta yi. Ta ce na hagu saura ɗan abin da bai kai a kira shi gani ba, za a yi ƙoƙarin rage matsin don kada ya yi ciwo, amma kada mu sa rai. Na tambaye ta da mun zo a ranar da ta rubuta fa. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba, sai dai a gwajin farko fiye da rabin ganin idon na nan. Yanzu na dama ne abin ceto. Bayan kwana tara aka yi masa aiki, da wuƙar nan dai ta tsohon yayi, minti hamsin da biyar ina zaune a waje ina ƙirga tayil ɗin ƙasa. Anti na gefena da carbinta.

Ciwon idon dama ya tsaya inda yake. Bayan ya warke na sake zaunar da shi gaban yadin, goma sha uku, kuma yau wata takwas ke nan goma sha ukun ne. Na hagu ya tafi gaba ɗaya kafin shekara ta ƙare. Babur yana jingine a zaure an lulluɓe shi da buhu, ni nake ɗauko Kawu da safe in mayar da shi da yamma. Gwangwanayen nan talatin da shida mun mayar da su dama. Yana gyara keke uku a rana maimakon bakwai, kunnensa kuwa na nan garau, jiya ma ta cikin bango ya gaya mini bel ɗin na bakwai ya saki.

Mako biyar bayan aikin suka koma zaman Asabar. Batun farko da suka ɗauka shi ne wa ya yi gaskiya. Kawu, da baƙin tabarau a fuska, ya ce da shekara ɗari baya ne da yanzu ana jan sa da sanda, ga shi yana ganin agogo, don haka ci gaba ya tabbata a jikinsa. Farfesa ya ce ga mutum da ilimin duniya a aljihunsa, da takardar likita, da asibiti minti ashirin daga shagonsa, ya zauna a kai mako goma har ido ya mutu, a nuna masa inda ɗan Adam ya ci gaba. Bai ambaci wanda ya taya shi zaman ba. Kowannensu ya tashi yana ganin shi ya ci, Mai Hoto ya ɗaga hannu sau biyu. Sun nemi in cire yadin don yana rufe musu kwali. Na ce bangon na Kawu ne amma ƙusoshin nawa ne, wanda ya iya ya cire. Sai suka ɗage gefe ɗaya suka maƙale da allura, suna leƙa layukansu ta ƙasa.

Tun daga lokacin na zaunar da mutum arba'in da huɗu a kujerar nan, ma'aikatana, da masu kawo ɗinki, da mahaifiyata da ƙyar. Uku na tura asibiti, biyu an same su da ciwon, ɗaya cikin biyun yana da shekara arba'in da biyu kuma ya rantse idonsa ƙalau. Likita ta gargaɗe ni cewa yadina ba ya kama ciwon idan yana farkon farawa, sai awon asibiti, kuma duk wanda ya haura arba'in ko yake da mai ciwon a danginsa ya je a auna shi ko da ya ga ashirin cif. Na je an auna ni, matsin idona goma sha shida da goma sha bakwai, ƙalau.

Kai ma ka gwada, yau ba gobe ba. Baƙin yadi biyu, fararen maɓallai ashirin, ja ɗaya a tsakiya, kujera yadi ɗaya daga bango, da mutum ɗaya mai fensir wanda ba zai ji kunyar faɗa maka adadin ba. Ka rufe dama ka ƙirga, ka rufe hagu ka ƙirga, duka bai fi minti shida ba. Idan ka rasa fiye da ɗaya ko biyu, kada ka kai maganar majalisar abokai, kada ka tsaya neman ra'ayin mai wa'azi ko na mai gardama. Ka tambayi ƙarfe nawa asibitin ido ke buɗewa, ka riga mai shara isa bakin ƙofa.